Masaukin Wuƙaƙe

Inna Laure ba ta taɓa shawara da kowa ba
a kan inda wuƙa za ta kwana.
Hannu take miƙawa sama
ta soke ta tsakanin azara da azara,
can inda hayaƙi ya yi wa rufi kwalli.
Mu yara ƙota muke gani.
Kaifi kuwa, daga ita sai Allah.

Da na bar Birni na koma gidan siminti,
bango ya ƙi karɓar amana,
rufin kwano ba shi da hammata.
Wuƙaƙena huɗu suka shiga tasa ɗaya
da ludayi da cokula,
suna cizon juna cikin dare,
da safe kowace ta tashi da giɓi.

Ran Talata jikata Habsu ta zura hannu
tana neman murfin kwalba.
Ba ta yi kuka ba sai da ta ga ja.
Ɗan yatsa ne, kafin Juma'a ya warke.
Ni ce ban warke ba.

A Kasuwar Dole wani yaro ya sauko mini
da katako mai sheƙi, ɗan ƙetare,
ramuka shida a jere kamar ɗakunan haya.
Jika tara, in ji shi.
Na kwance tsummana na zaro babbar,
wadda Tanko maƙeri ya buga
shekarar da rijiyar unguwarmu ta ƙafe.
Ta leƙa ramin farko, ta ƙi.
Na biyu ya yi mata kaɗan.
Ba da ita aka auna gidan ba.
Na kanne ido na duba ciki:
duhu ne, irin wanda kyankyaso ke nema ya tara iyali.
Wa zai wanke can ƙasa
a garin da famfo ke yin baƙo?

Ya ce to ga maganaɗisu, a kafa a bango,
wuƙa ta manne a fili.
Na ce yaro, baƙo ya yi sallama
ya tarar da haƙora a bangon madafi?

Baduku na Zango ya shimfiɗa kubensa,
ja da kore, ƙamshin jima na tashi.
Har na kai hannu ga bakin zane, ya ce tsaya.
Kube na matafiyi ne.
Wuƙar da ke shan albasa sau uku a yini,
in ta shiga fata da danshi,
tsatsa za ta haifa.
Gaskiya ta cinye masa ciniki.
Na bar masa goro biyu.

Na dawo da yamma, duwatsun gari sun fara huce zafi,
na yi tuntuɓe da shi a bayan ɗaki:
turmin Inna, na ƙirya,
wanda ya tsage tun bara na kasa jefarwa.

Kiyari kafinta ya juya shi, ya ƙwanƙwasa,
ya ce gindin da ransa.
Ya yanke, ya goge,
ya auna kowace wuƙa kamar tela:
ta nama, ta albasa, ta feraye,
da 'yar siririyar da wasawa ta cinye rabinta.
Ya huda ramukan har ƙasa
don ruwa ya sami hanya, iska ta bi sawunsa.

Ramuka nawa? ya ce.
Na ce biyar.
Ya ƙirga da ido. Huɗu nake gani.

Ta biyar tana gidan Barira.
Ta ara ran layya, layya biyu ke nan.
Ban tambaya ba, ba ta manta ba.

Yanzu yana bisa kanta, inda Habsu ba ta kai,
har yau yana ɗan ƙamshin daddawa.
Duk wuƙar da ta gama aiki
sai na wanke, na share, na mai da ita ɗakinta.
Ramin nan ɗaya kuma ina hure masa ƙura,
ko Barira za ta shigo gaisuwa,
ta ɗaga kai.